Abin da Layin Fiddausi Ya Ɓoye

Ranar kasuwar Anka Ɗahiru mai hoto ya fara shiga shagon kwamfutar da Fiddausi ke aiki. Ya tarar tana zagaye hoton wani ango da linzamin kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo, har layin ya haɗe, bangon da ke bayansa ya ɓace.

"Kin goge bangon?"

"Ɓoye shi na yi. Yana nan ƙarƙashi, sai in na kwance layin."

"To ni ma zagaye ni, ki aje kusa da ke."

Ta harare shi, amma dariya ta ƙwace mata.

Daga nan saƙonni suka fara. "Tauraruwata, na iso Gummi, amma zuciyata na shagonku." Ita kuma: "Zo ka kwashe kayanka, Mai Hoto, ba wurin ajiya gare mu ba."

Babanta Malam Umaru ya ce sam. "Mai bin taron siyasa da kamara? Ɗan banga ne. Ba ni ba shi ɗiyata."

Lokacin kamfen, Ɗahiru ya kawo hoton wani ɗan takara da ya ɗauka a taro. Fiddausi ta sa shi a kwamfuta, ta zagaye mutumin, ta buga fosta. A taron nan aka sare wani ɗan kasuwa, Sahabi, ya mutu. Bature, shugaban 'yan banga, wanda Fiddausi ta taɓa kora daga zance, ya sa yaransa suka tare Ɗahiru a hanya, suka fasa masa kai, suka ƙone kamara da fim, suka shaida cewa shi ya yi sarar. Kafin 'yan sanda su rufe shi, saƙo ɗaya ya samu ya turo mata: "Duba gefen hagu na hoton."

Ta kwance layin. Ga Bature can gefe, adda a sama, Sahabi a ƙasa.

Da azahar Bature ya banko ƙofar shagon.

"An ce hotona na cikin wanga talabijin!"

"Yana ciki. Mi za ka yi?"

Ya kai wa gilashin kwamfutar gora har sau uku. Ta tare da hannu, gorar ta sauka kan yatsunta, biyu suka karye. Ta cije leɓe, ko ƙwalla ba ta bari ya gani ba.

"To, na kashe hoton," ya ce, ya tofa yawu ya fita.

Akwatin injin da ke ƙarƙashin tebur, inda hoton yake, ko kallonsa bai yi ba.

Ta naɗe hannun da gyale, ta rungumi injin, ta nufi ofishin 'yan sanda jini na ɗiga. A ƙofar shagon ta yi karo da Malam Umaru. Ya dubi hannun, ya ce, "Kawo in ɗauka."

A ofishin aka haɗa injin da gilashin aro. Da hannun hagu ta kwance layin gaban kowa. Kafin la'asar Bature yana tsare bayan kantar 'yan sanda, Ɗahiru ya fito kansa a naɗe.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Ranar lalle mai ƙunshi ta so rufe karkatattun yatsun da ƙyalle.

"A'a," in ji Fiddausi. "Su za ki fara yi wa."

Innarta ta kama hannun ta tofa masa addu'a. "Allah shi ba ku zaman lafiya, ɗiyata."

Mata suka rangaɗa guɗa.