Gwangwanin Madara a Bakin Famfo

Ƙarfe biyu da rabi na ranar Juma'a ma'aikata suka dawo daga masallaci, suka tarar da Madam Philomena kwance ba rai a ɗakin batir, kantar ƙarfe ta rikito mata, ruwan batir ya malale har bakin ƙofa. Sufeto Yakaka ta toshe hanci da hankici ta tsuguna. Raunin a ƙeya yake, kantar kuwa a ƙirji ta faɗo mata. Wannan ba hatsari ba ne, an dai so ya yi kama da shi.

Philomena haifaffiyar Sabon Gari ce. Ta bar babban aikin kwamfuta a Legas, ta dawo ta buɗe kamfanin karɓar matattun batiran sola, ana sarrafa su ba tare da gubar dalma ta shiga ƙasa ko jinin mutane ba. Ranar Litinin masu zuba jari daga waje za su zo sa hannu.

Kafin Yakaka ta miƙe har an kama mutum, Dabo, shugaban 'yan gwangwan da ke kawo wa kamfanin batir. Jiya an ji shi yana ɗaga wa Madam murya, shi ke nan laifinsa. Dipi'o ya ce Litinin da safe kotu, da tuhumar kisa. Abin ya tsaya wa Yakaka a rai, don tsoho ne mai shekara saba'in.

"Baba, me ya haɗa ku da Madam?"

"'Yata, yarana ne ke zubar da ruwan batir a kwata don kaya su yi sauƙi. Ta ce ba za ta saya ba. Na yi faɗa, eh. Amma wallahi ita ce ta fara kai jikokina gwajin jini. In kashe ta in samu me?"

Liman da mutum uku suka ce a sahun gaba ya yi salla. Dipi'o ya ce mutanensa ne, za su kare shi.

Yakaka ta koma kamfanin. A bayan ɗakin batir, bakin famfo, ta ga gwangwanin madara an huda shi wuri biyu da ƙusa, tururuwa yanzu suka fara taruwa. Mahaifinta cajin batir ya yi a Fagge shekara talatin, kuma duk ranar da ya shaƙi warin nan sai ya kwankwaɗi madara, wai tana wanke gubar. Ba ta wanke komai ba, ƙoda ce ta kashe shi.

Ta kira Cyprian, mai kula da sito.

"Wa ke shan madara a nan?"

"Babu, Sufeto. Madam ta hana tun farko. Ta ce camfi ne, takunkumi ake sawa."

"Kai ina kake ƙarfe ɗaya da rabi?"

"Asibiti, matata na awo. Ga katin."

Ta buga waya, aka tabbatar. Cyprian ya rage murya. Kowane batir, in ji shi, lamba gare shi a kwamfutar Madam. A makon nan ta gano kusan rabinsu ba sa isa injin sarrafawa, wani wuri suke bi. Ta rantse ranar Litinin sai ta faɗa wa baƙin da bakinta.

A ofis na sama Alhaji Gana, abokin kafa kamfanin, ya tarbe ta da jajayen idanu. A bango ga hotonsa cikin jarida, da labarin yadda ya tashi daga rumfar cajin batir a Kwaciri har ya zama shugaba.

"Alhaji, ina ka yi Juma'a?"

"Nan Fagge, kamar kullum."

"Falmata mai shagon bakin ƙofa ta ce ana tsakiyar huɗuba ka sayi madara. Har ƙusa ta ara maka."

"To, shan madara laifi ne?"

"A'a. Amma mutum bai bar huɗuba don kwaɗayi. Ka buge ta, ka tura kantar, batira suka fashe, ka shaƙi warin. Tsoro ya kama ka, hannunka ya yi abin da ya saba tun kana yaron shago. Matasan nan ba su san al'adar ba, Baba Dabo kuwa saye yake, bai taɓa fasa batir ba. Ina ake narkar da sauran batiran da ba sa isa injin?"

"Wani kango a Kwaciri," ya ce. "Na roƙe ta, Sufeto. Na ce ta bari a sa hannu tukuna. Shekara ashirin ina hawa, za ta rushe ni da jimla ɗaya."

"Kangon cikin gidajen mutane yake?"

Ta sa masa ankwa da kanta, ranta a ɓace.

Washegari bayan la'asar aka saki Dabo. Yakaka ta miƙa masa hularsa, tana jiran ya yi murna. Ya tambayi kamfanin, ta gaya masa gaskiya: an garƙame, baƙin sun fasa zuwa.

Tsohon ya zauna a kan dakali.

"Kura bakwai na batir ke jibge a tsakar gidana," ya ce. "Yanzu duk garin nan ba mai saya sai masu narkarwa. Kuma zan kai musu, 'yata. Yara za su ci abinci."