Auta Ta Hana Tela Sa Hannu

Auta na guga a falo ta ji Umma na lallashin Tela, saurayin ita Autar, da wata murya mai taushi da ko 'ya'yanta ba sa samu.

"Ɗan nan, yayan Auta ne ya buge mai babur da motarka ya gudu. Mutumin ya warke, amma in abin ya shiga rekod ɗinsa, aikinsa ya tafi. Kai kuwa shagonka naka ne. Ka ce kai ke tuƙi, tara ce kawai!"

Tela ya sunkuyar da kai. Baƙo ne, shekara tara yana ɗinki a ƙasar nan da takardar zama, ko musu bai taɓa yi da ɗan sanda ba. Amma ina zai iya kallon suruka ya ce a'a?

"To Umma, zan sa hannu a takarda cewa ni ne."

Auta ta dire dutsen guga. "Wallahi ba zai sa ba!"

"Ke! Da wa kike?"

"Umma, na tambayi lauya. Yaya ɗan ƙasa ne — zai biya tara ya dawo ɗakinsa. Shi kuwa baƙo ne. Kotu na kama shi da laifi, za a soke takardarsa a tasa ƙeyarsa, kuma ba dawowa!"

"Au, bare kika zaɓa? To babu auren!"

Sati biyu Umma ba ta amsa gaisuwarta. Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, kullum sai ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma ɗaki ta sha kukanta. Da Tela ya roƙe ta ta bari, cewa ta yi, "In kunya ta hana ka cewa a'a, ni zan riƙa faɗa maka."

Ana gobe kotu Yaya ya je shagon Tela don ya ƙara matsa masa. Ya tarar da akwati a ɗaure bakin ƙofa, Tela na kan keken ɗinki yana sauri.

"Wannan fa?"

"Rigarka ce ta ɗaurin aurenmu, Yaya. Gobe zan ce ni ne. Gara in gama kafin a kore ni."

Yaya ya dubi rigar, ya dubi akwatin, ya juya ya fita. Washegari da ƙafarsa ya shiga kotu ya ce, "Ni ne."

Aka ci shi tara, aka karɓe lasinsa, a wurin aiki aka ja masa kunne. Ranar Umma ta rungume Auta tana hawaye. "Na kusa raba ki da mijinki da hannuna."

Yaya da rigar nan ya tsaya a ɗaurin auren. Jama'a, kada kunya ta sa ku ɗauki laifin wani. Hukuncin da ɗan ƙasa zai sha ya koma gida, shi ke raba baƙo da gidansa har abada.