Mutum Uku a Bayan Sharafaddeen

Sharafaddeen tela ne a Anguwan Rogo da ke cikin Jos, kuma a lokacin ba wanda zai kira shi mugu. Shekara ashirin yana taka keken ɗinki a shago ɗaya, ya san gidan da aka haihu da gidan da aka rasu tun kafin mai unguwa ya ji. Abin da ya ɓata shi kallo ne. Yana zaune mutumin da ya taɓa yi wa facin wando ya zama kansila, ya dawo da baƙar mota da tumbi, yana miƙo masa 'yan yatsu ta taga. Daga ranar ɗinki ya fita ransa.

Da ya ce zai nemi kujerar, yayarsa Tabawa ce ta ɗauki abin a ka. Atamfa take sayarwa a kasuwar Terminus, ba macen da ba ta sani ba. Ta raba mazaɓar layi-layi, kowane layi ta ɗora mace ɗaya da namiji ɗaya su bi gida-gida. Ƙaninsu Nura ya ɗaura lasifika a keke napep ɗinsa. 'Yar Sharafaddeen, Amatullahi, mai shekara goma sha tara, ita ke rubuta sunan duk mai katin jam'iyya da ya yi alkawari. Ba suna, ba biki, ba zaman makokin da suka bari ya wuce su. Zaɓen fid da gwani kuwa ƙato bayan ƙato za a yi: ɗan takara ya tsaya riƙe da hotonsa, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga su ido na gani. Wanda ya ci nan ya gama, don jam'iyyar ce ke da unguwar.

Saura mako biyu kansila mai ci ya sauke motar shinkafa. Sharafaddeen ya ga matan da suka rantse masa suna wucewa da buhu a ka, suna kau da fuska.

Tabawa ta ce, "Bar su su karɓa, ai haƙƙinsu ne. Ranar layi ka ga aiki."

Bai yarda ba. A wannan halin wani dillalin siyasa mai suna Ishaku ya same shi a shago, ya rage murya ya ce, "Oga, kana wahalar da tsohuwa a banza. Kai kana tsammanin ƙafa da gaisuwa ke kawo kujera? Shirya gobe, ka taho da hotonka ɗaya."

Da rana tsaka suka wuce Naraguta, suka bar titi, suka bi gonakin dankali har wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Ruwan kore ne shar, ba ya motsi, ko tsuntsu ba ya sauka a bakinsa. A gefe akwai ɗakin kwano da tsatsa ta ci. Ishaku ya tsaya nesa, ya ce shi nan ne iyakarsa.

Ciki warin tsohon jini ya tare Sharafaddeen. Ƙahonin rago a rataye, tukwane a kife, bango kuwa cike da hotunan 'yan takara, wasu ma ya gane su, kowanne an soke masa ƙaya a goshi. Wani tsoho siriri na zaune gaban kwanon sarki cike da baƙin yashin kuza. Bai amsa sallama ba.

"Tela, ka gaji da allura," in ji shi. "Kujera kake so, da abin da ke zuwa da kujera."

Sharafaddeen ya durƙusa ya tura masa ƙunshin kuɗi. Tsohon ya mayar da shi da ɗan yatsan ƙafa.

"Me zan saya da shi a nan? Mutane ka zo nema, zan cika maka fili. Biyar na farko da za su tsaya a bayanka, nawa ne."

"Naka kamar yaya, Baba?"

"Kai da ke yanka yadi, kana gaya wa mai kaya inda ƙyallen ya tafi?"

Mai hankali a nan yake tashi. Sharafaddeen kuwa sai ya shiga ciniki, kamar a rumfar zare.

"Biyar sun yi yawa. A bar shi a ɗaya."

"Ɗaya kuɗin mai unguwa ne."

"Biyu."

"Uku. Kada ka ƙara magana."

"Kowane ne na sa, ya yi?"

Tsohon ya ɗago ya dube shi a karon farko. "Ni ba na zaɓe. Wanda mai ƙirga ya dafa ya ce ɗaya, biyu, uku, shi ke nan."

Ya karɓi hoton, ya soke shi a bango. Ya yanka baƙin zakara a kan yashin, ya cuɗa, ya ɗebo ya zuba a takalman Sharafaddeen. Ya ce a kansu zai tsaya ranar. In ya fita daga layi kafin a ƙirga, mutum ukun sun tsira, shi kuma shi da kujera har ya mutu.

A hanyar dawowa Ishaku ya ce abu mai sauƙi ne. Akwai ƙarti a tasha da ba a san danginsu ba, zai yi hayar uku su tsaya a farkon layi. Sharafaddeen ya ji nauyin ya ragu, har ya ci masara gasassa a bakin titi. A gida ya ce wa Tabawa ranar ta tsaya can baya ta kula da mata.

Ta yi dariya. "Ji ɗan siyasar jiya. Kai, mutane leƙowa suke su ga wa ke bayan ɗan takara. In ba su ga jininsa ba sai su ce gidansu ma ba a yarda da shi ba."

"Yaya, na dai faɗa miki."

"To, ranka ya daɗe, Kansila."

Ranar ta zo. Filin makarantar da za a yi zaɓen ya cika tun hantsi, har da matan shinkafa, suna ta yi masa guɗa. Aka tsayar da 'yan takara kowa da hotonsa, jami'in jam'iyya ya shelanta cewa wanda ya bar wurinsa kafin a gama ƙirga ya janye ke nan. Sai aka buɗe ƙofa ana tantance mutane ɗaya-ɗaya, kati a hannu, suna a rajista. Abin da Ishaku bai lissafa ba ke nan, don a zaɓen baya ba a yi haka ba. Sharafaddeen na hange aka tura ƙartin nan uku waje. Ishaku ya ɗaga masa hannu biyu daga bayan katanga, ya sulale.

Sai Sharafaddeen ya ji an gyara masa wuyan riga ta baya.

"Tsaya sosai mana, kamar wanda aka kawo asibiti." Tabawa ce.

"Yaya, leƙa ka ga layi har bakin famfo," in ji Nura daga bayanta.

"Baba, duk waɗanda na rubuta sun zo, saura mutum huɗu." Muryar Amatullahi ke nan, ta uku.

Ya ce, ba tare da ya juya ba, "Ku koma baya. Don Allah ku koma baya."

"A kan me? Jama'a su ga mun watse su bi mu?" in ji Tabawa. "Rufe mana baki."

Da layin kansila mai ci aka fara. Kusan rabin sa'a aka yi ana ƙirga shi, Sharafaddeen na tsaye, yashin takalmansa na ƙuna kamar garwashi. Taku ɗaya gefe ya isa. Ya san haka sarai. Ya ɗaga diddigen dama, sai ya ji an kammala wancan layin da ɗari biyu da 'yan kai, nasa kuwa ya san ya ninka. Ya ce a ransa wataƙila tsohon ƙarya yake. Ya ce zai yi sadaka, zai sa a sauke Alƙur'ani. Ya mayar da diddigen ƙasa.

Mai ƙirga ya iso, ya wuce shi, ya dafa kafaɗar Tabawa.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Ya ci, kuma ya ci babban zaɓe. Kafin shekara kwangilar kwalbati da rijiyoyin burtsatse ta bi ta hannunsa, ya rushe gidan gado ya ɗora bene, ya sayi baƙar motar da ta fi ta tsohon kansila. Shagon ɗinki ya koma ofis.

Ranar da aka tare a benen, Tabawa na raba wa mata tuwo ta ce wani ya dafa ta, hannun da sanyi. Ta zauna a dakali, ba ta sake tashi ba. Likita bai ga komai ba. Bayan wata huɗu aka tsamo keke napep ɗin Nura daga wani ramin kuza da ba ya kan hanyar kowa, gawarsa na ciki, hannuwansa a kan kambun tuƙi.

Sharafaddeen ya ruga wurin tsohon. Ya yi tayin benen, ya yi tayin kujerar, ya ce a ɗauke shi a bar yarinyar.

Tsohon ya ce, "Kai ba ka cikin ƙirga. A gaba ka tsaya."

Amatullahi ba ta mutu ba. Wata safiya ta bar magana, ta zo ta tsaya taku ɗaya a bayan ubanta. In ya tafi ta bi, in ya tsaya ta tsaya, a ofis, a kasuwa, a ƙofar masallaci. In aka janye ta sai ta yi ta buga kai da bango har jini. An yi ruƙiyya, an kai asibiti, an sayar da motar, an sayar da benen. A ƙarshe shi da bakinsa ya faɗi komai a gaban liman da dattawa, yana kuka, ko za a sami mai taimako. Uwar yarinyar ta ɗauke ta suka bar Jos, ba ta ko dube shi ba.

Yana nan har yau a wani ɗakin haya, wa'adin kujerarsa ya ƙare tuntuni. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kai shi kotu. Amma a Anguwan Rogo ba mai tsayawa a bayansa. A layin famfo sai a watse har ya gama. A masallaci sahun ƙarshe yake, kusa da takalma.

Kai da ke buga hoto kana bin gidaje, ka ji da kyau. Masu ƙaunarka ne ke rigan kowa zuwa bayanka, kuma su boka ke fara ɗauka. Littafin Amatullahi ya nuna mutanen nan ƙafar Tabawa ce ta tara su tun kafin a je Naraguta. Kwaɗayi ya hana Sharafaddeen jiran mako biyu, ya sayi abin da ke hannunsa da jinin gidansu. In ka faɗi zaɓe, ka koma sana'arka da mutanenka a raye. Allah Ya raba mu da son zuciya.