Fasinjan Kujerar Hagu

Ana dab da magariba Mai Fenti ya shigo da motarsa tsakar gida. Ya kashe ta, ya zagaye ta sau biyu, ya goge madubi da hannun riga. Daga ƙetaren teku ta zo, sitiyarinta a dama, irin na mutanen can. Ma'aikatan kwastan suka ce sam, ba lamba ba takarda sai an mayar da shi hagu kamar na kowa. Bakanike ya kwashe kwana tara yana kwancewa yana ɗaurawa. Yanzu ga ta nan, takardunta sun fi na mai ita cika.

Yana cikin alwala motar ta yi oda. Sau ɗaya, doguwa. Makulli kuwa yana aljihunsa.

"Wayoyi ne suka haɗu," ya ce wa matarsa, ko da yake ba ta tambaye shi ba.

Sai tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Ta biyu ta biyo. Ta uku ta doki butar da ke hannunsa. Kaji suka shige akurki tun kafin lokacinsu. Gidan ya yi tsit, irin shirun da mutum ke jin bugun zuciyarsa a kunne.

Kwana uku ana haka. Duk ranar da ya tuƙa motar, da rana ta faɗi sai jifa.

A rana ta huɗu aka nemi Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyar, aka rasa. Uwar ce ta hango ta cikin motar, a kujerar direba, ƙofofi a kulle. Hannayenta na naɗe a ƙirji, tana kallon sitiyari kamar wadda aka ajiye wa maciji a gaba. Ba ta ƙiftawa.

"Auta! Buɗe, uwata, buɗe!"

Yarinyar ta juyo a hankali. Muryar da ta fito ta wani tsoho ce, busasshiya.

"Ku ce wa ƙaton nan ya daina zama a kaina."

Mai Fenti ya ja da baya. Matar ce ta zari mayafi ta je ta taho da malamin da ke yi wa masu iska karatu, wani siririn dattijo mai ƙaramar murya. Ya tsaya jikin gilashi yana karatu har hasken yamma ya koma ja. Motar ta soma rawa. Ƙofa ta buɗe da kanta.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Fasinja."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha ɗaya ina zaune a kujerar nan ta hagu, tun a can. Ban taɓa kowa ba. Na jure wata guda cikin jirgin ruwa ina amai. Na iso, sai wani mai baƙin hannu ya ɗora mini sitiyari a cinya. Ni na ce muku na iya tuƙi? Sannan wannan ya zo ya danne ni, ko sallama babu."

"To ka koma kujerar dama, yanzu ita ce ta fasinja."

Wuyan yarinyar ya sandare, jijiyoyi suka tashi.

"Dama? Malam, da iliminka? Yaushe irinmu suka fara zama a dama?"

"Kujerar baya fa, ta hagu?"

"Jiri nake yi a baya. A mayar da sitiyari inda yake."

"Hukuma za ta kama motar."

"To a bar mini kujerata, kada ɗan Adam ya ƙara zama a kai. In ba haka ba, na samu wurin zama a nan." Hannun Auta ya bugi ƙirjinta, har uwar ta ƙwalla ƙara.

Malam ya juyo. "Maigida, ka ji. Mota ko yarinya."

Mai Fenti ya dubi 'yarsa. Ya dubi motar, sabbin tayoyi, fenti ko ƙwarzane babu. Ya buɗe baki, ya rufe. Wasu sun ce numfashi uku ya ja, wasu sun ce biyar.

"Allah gafarta malam," ya ce ƙasa-ƙasa, "ko ranar kasuwa kaɗai ba zai ɗan matsa ba?"

"Baban Auta!" matar ta daka masa tsawa.

"Na bar masa! Wallahi na bar masa!"

Malam ya sa aljanin ya yi rantsuwa. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale, uwar ta tare ta. Ƙofar motar ta rufe a hankali, aka ji ƙarar bel ɗin kujera yana shiga mazauninsa.

Aka shimfiɗe yarinyar a ɗaki, aka shafa mata ruwa. Da ta buɗe ido, uban ya durƙusa kusa da ita.

"Sannu, uwata. Ba ki san abin da ya faru ba ko?"

Ta dube shi.

"Baki kawai ya karɓa, Baba," ta ce. "Kunnuwan nawa ne."