Koriyar Alama a Coolabah

Ƙarfe tara na safiyar Talata wani direban motar tumaki ya kira ofishin 'yan sanda na Broken Hill. Ya ga mota mai lantarki tsaye a wurin caji na Coolabah, ƙofa a buɗe, babu kowa ciki. Kilomita shida gaba kuma ya tarar da mai motar kwance a gefen hanya, rai ya yi halinsa.

Sufeto Marlene Kostas ta isa wurin kafin sha biyu. Zafin watan Janairu, wanda shi ne tsakiyar bazara a nan, ya kai maki arba'in da shida, irin wanda ko ƙadangare ba ya fitowa. Ta leƙa motar. Batir ya mutu murus, gorunan ruwa uku duk babu ko ɗigo. Igiyar caji tana maƙale a jikin motar, amma injin cajin shiru kamar dutse.

Mamacin Desmond Whitlock ne, wanda ake kira Des, malamin makaranta mai ritaya. Duk garin an san shi, don makon da ya wuce hotonsa ya fito a jarida. Kamfanin motar shi kaɗai ya zaɓa a yankinmu ya gwada sabuwar manhajar taswira, wadda aka ce za ta riƙa gane kangaru a hanya, ta kuma lissafa ko batir zai kai mutum inda za shi.

Kafin ta koma gari har magana ta gama yawo, domin mu nan labari ya fi mota gudu. Cewa ake yi girman kai ne ya kashe shi, an ba shi sabon abin wasa ya manta daji ba ya wasa. Shugabanta ma haka ya gani.

"Ganganci ne, Marlene," ya ce. "Ki rubuta haka ki rufe fayil ɗin kafin yamma."

Ta ɗauki hularta ta nufi gidan mamacin.

Lorraine, matar Des, tana zaune a kicin, shayinta ya huce a gabanta.

"Na ji abin da suke faɗa," ta ce. "Shekara talatin da takwas muna tare, Sufeto. Mutumin nan ko kanti za shi sai ya duba batir sau biyu. Kada ki bari a binne shi da sunan wawa."

"Me ya sa ya dogara da Coolabah? Wurin babu kowa, babu sabis na waya."

"Taswirar motar ba ta san wurin cajin da ya lalace ba. Kukan da masu motocin lantarki ke yi kenan kullum. Shi ya sa ƙungiyarsu ke da nata tsarin. Duk wanda ya yi caji a daji sai ya ɗauki hoton allon motarsa ya tura zaurensu na waya, shugaba ya sa wa wurin koriyar alama. Ba mai fita sai ya ga koren nan."

Ta miƙa mata wayarta. Ga Coolabah da koriyar alama, an sa ranar Lahadi, kwana ɗaya kafin tafiyar Des.

"Wa ya sa?"

"Graeme Tully. Shi ne shugaba."

Sufeto ba ta je wurin Graeme kai tsaye ba. Ta fara da Wendell Roake, mai gyaran lantarki da ke kula da injin cajin. Ta same shi a bayan shagonsa yana cin burodi da nama a tsaye.

"Yaushe rabonka da Coolabah?"

"Ranar Juma'a. Lafiya lau na bar shi."

"To, ni daga can nake. Gizo-gizo ya yi saƙa a kan makullin akwatin, saƙar har ta tsufa. Ka sake tunani, Wendell, don idan lafiya ka bar shi, kai za ka yi wa alƙali bayanin yadda ya kashe mutum."

Ya daina cin burodin. Ya ajiye sauran.

"Kwana goma kenan da ya ƙone," ya ce a hankali. "Ina jiran kaya daga Adelaide. Na ji tsoro ne, shi ya sa na yi miki ƙarya. Amma wallahi na faɗa. Ranar da ya ƙone na tari Graeme a gidan mai na ce ya sa jar alama."

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Bar mini, abokina.'"

Gidan Graeme Tully yana bayan filin wasa, rufinsa cike da faranten sola. Shi ya fara sayen mota mai lantarki a garin nan, lokacin da masu manyan motocin dizal ke tambayarsa ko da batirin tocila take tafiya. Shi ya kafa ƙungiyar. Mutum ne mai tsari, kuma irin wanda idan ya fara bayani sai ka nemi kujera.

"Wendell maƙaryaci ne," ya ce. "Ni da kaina na yi caji a Coolabah ranar Lahadi. Ga hoton."

Ta duba. Allon motarsa ne, batir na cika, ta gilashi ana hango injin cajin. Ta sa ya turo mata shi a waya.

"Yaya kuke da Des?"

"Lafiya lau. Ni na koya masa yadda ake maƙala igiya ma. Wata takwas kacal da sayen motarsa." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Amma ai kin ga hotonsa a jarida. Ya yi kyau."

"Kai ba su zaɓe ka ba?"

"Ni wa? Ni dai marubucin buƙatu ne." Ya jawo wani fayil mai kauri daga kan tebur. "Shekara uku ina tattara abin da muke so a gyara, ina aika wa kamfani. Buƙata ɗari da goma sha biyu. Taswira ta daina tura mu hanyar da ruwa ya cinye. Mota ta daina taka birki don ta ga inuwar bishiya. Ki tafi da shi ki karanta, ke ma ki ƙaru."

Ya ba ta ne don alfahari, ita kuwa ta karɓa hannu biyu.

A cikin mota ta zauna, na'urar sanyaya iska a kunne, tana bi shafi-shafi. Gaskiya aikin ya yi kyau, har ta ji tausayinsa ya ɗan kama ta. Buƙata ta farko ita ce taswira ta riƙa nuna wurin cajin da ya mutu. A shafin ƙarshe ta tsaya. Ta karanta sau biyu, ta sake buɗe hoton, sannan ta kira Sajan ɗin ofishinsu ta ce ya same ta a ƙofar gidan.

Graeme na wanke motarsa lokacin da suka shigo.

"Karanta mini buƙata ta ɗari da goma sha biyu," ta ce.

Bai ko duba takardar ba. "A mayar da alamar batir saman allo inda take. Sabuntawar da suka turo ranar uku ga wata ta saukar da ita ƙasa, sai mutum ya ɗauke ido daga hanya kafin ya gani. Shirme ne."

"Taka motar ma ta sauya?"

"Duk motocinmu, dare ɗaya. Ba sa ma tambayar mutum."

"To, kunna allon mu gani."

Ya kunna. Alamar batir na ƙasa.

Ta ɗaga hoton kusa da allon. "A nan tana sama, Graeme. Ranar Lahadi sha tara ga wata ce. Wannan hoton ya girmi uku ga wata."

Tiyon ruwan ya ci gaba da zuba a kan takalminsa, bai janye ƙafa ba. Mutumin da ya fi kowa ƙorafi a kan alamar nan shi ne ya manta da ita.

"Na Disamba ne," ya ce daga ƙarshe. Ya zauna a kan bokiti. "Ban yi nufin ya mutu ba. Na rantse miki."

"Me ka yi nufi?"

"A jawo shi. A ɗora motarsa a bayan motar dizal a ratsa babban titi da ita, kowa ya ga gwanin gwaji. Na ɗauka awa biyu uku wani zai wuce." Ya ɗago ya dube ta. "Kin san yadda ake ji? Kangarun nan buƙatata ce ta tara. Lissafin batir ta ashirin da shida. Ni na kwana ina rubuta su. Sai aka kawo su a mota, aka miƙa wa mutumin da bai san bambancin igiya da igiya ba, ya tsaya yana washe baki a jarida. Ko sunana ba a ambata ba. Kullum ya zo taro yana ba mu labarin abin da manhajar ta iya, ni ina zaune ina tafa masa."

"Ya tambaye ka kafin ya tafi?"

Graeme ya sunkuyar da kai. "Ya kira ni da safe. Ya ce, 'Coolabah lafiya ko, shugaba?' Na ce ya je kawai."

Sajan ya rufe famfon, ya sa masa ankwa. Suka kai shi bakin motar 'yan sanda, maƙwabta na leƙe ta tagogi. Har ya sa ƙafa ɗaya ciki sai ya waiwayo.

"Sufeto, yanzu wa za su ba gwajin?"

Tausayin da ta ji ɗazu ya tafi gaba ɗaya. Ta dafa kansa ta tura shi ciki, ta rufe ƙofar.

Da motar ta ɓace a kwana, ta ciro waya ta kira Lorraine.

"Mijinki bai yi ganganci ba," ta ce. "Ya duba, ya kuma tambaya. Abokinsa ne ya ce masa ya je."