Gishirin da Ke Riƙe Rana

Rahamatu mai ɗanwake ce a Sabo, bayan masallaci, kuma mace ce da ba ta tambaya kafin ta ɗauki abu. Wannan hali ne ya ja mata.

Ɗanta Zaharadeen ya dawo daga aiki a wata tashar lantarki can cikin sahara. Ya ce madubai dubbai ake jerawa, su tara rana a kan hasumiya ɗaya har gishiri ya narke kamar ruwa, a adana shi a tanki, ya riƙe zafin, a ci gaba da ba da wuta bayan rana ta faɗi. Ya zo da dunƙule guda da ya daskare, ya ajiye a bakin taga, ya ce kada a taɓa.

Wata Laraba da la'asar kanwa ta ƙare. Kasuwar Bodija da nisa, ga cunkoso a hanyar Mokola. Rahamatu ta dubi dunƙulen, ta ga fari ne kamar kanwa, ta fasa rabi a turmi, ta jiƙa, ta kwaɓa gari. 'Yarta Surayya ce ta fara ɗanɗanawa.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo shi. Madubin ɗaki ya tsage biyu. Surayya ta miƙe a hankali, ta ɗaga turmi da hannu ɗaya, ta maka wa yayanta a ƙirji, aka ji haƙarƙari ya karye. Inda ta taka, tabarma ta yi baƙi. Aka watsa mata ruwa, ya tashi tururi. Sai da asuba ta huce.

Kwana uku haka. Da rana tana kwance kamar gawa, da magariba tana ci da wuta, leɓunanta sun tsattsage. Rahamatu ta san yarinyar ba za ta kai kwana na biyar ba, ta kuma san hannun da ya daka, amma ta yi gum.

Rana ta huɗu aka ɗauko Malam Ladan daga Shasha a kan okada. Maza huɗu suka danne Surayya, tafukansu na salewa. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan wata murya mai kauri ta fito daga bakinta. Mai muryar ya ce shi aljanin sahara ne, madubai suka ƙone masa gida da 'ya'ya, ya ɓuya a gishiri, aka sato shi, aka kuma daka shi a turmi. Ran yarinyar yake so.

Malam ya ce yarinya ba ta daka komai ba, kuma ran Allah ne.

Aljanin ya ce, "To a ba ni wanda ya daka. Ya ɗauki sauran da hannu, ya kai ni inda rana za ta same ni."

Zaharadeen ya yunƙura daga kwance, yana riƙe da ƙirji. Rahamatu ta taka masa riga.

"Kwanta. Ni na daka."

Dunƙulen ya yi ja a bakin taga. Ta damƙe shi. Warin naman hannunta ya cika tsakar gida, maƙwabciyarta Iya Bose ta rufe ido tana kiran Oluwa, wato Ubangiji. Rahamatu ba ta yi kuka ba. Ta hau tsani da hannu ɗaya, ta ɗora dunƙulen a kan rufi ta gabas. Kafin ta sauko, Surayya ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ƙishirwa."

Da safe babu komai a rufin sai huda a kwano.

Surayya ta warke, har ta yi aure. Hannun Rahamatu kuwa ya naɗe, bai sake buɗewa ba. Da rana sanyi ƙalau. Amma da an kira magariba sai ta jawo bokitin ruwa ta tsoma shi, ta zauna, jikoki na kallon tururi.