Wayar da Maikolo Ya Bar wa Ƙanwarsa

Su uku ne a gidansu na unguwar Logan: Kalolaine, da yayanta Maikolo, da mahaifiyarsu da ta taso da su daga tsibirin Tonga. Uba babu. Maikolo ne ya tsaya a gurbinsa, kuma kamar kowane yaya a al'adar Tonga, duk abin da ƙanwarsa ta yaba ya zama nata. Haka wayarsa ta koma hannunta, layin kuwa yana nan da sunansa. Zancen soyayya ne kaɗai ba ya ratsa tsakaninsu; ko a talabijin aka zo wurin, ɗayansu zai tashi ya fita.

Da aka kama Maikolo bisa zargin safarar ƙwaya, hujjar 'yan sanda kira biyu ne da ya yi ranar da ya ari wayar, don ashe suna sauraren layin a ɓoye. Lauyarsa, Madam Petrakis, ta zaunar da Kalolaine ta yi mata bayani a hankali. Don a sabunta izinin sauraren layin, shugaban masu binciken ya rantse cewa Maikolo kaɗai ke amfani da shi, alhali sati shida muryarta suke ji. In alƙali ya tabbatar da haka, yana iya watsi da kiran biyun. Amma sai an kunna hirarta da saurayinta a kotu, yayanta na zaune.

Saurayin kuwa Declan ne, ɗan sanda a ofishin da aka yi aikin sauraren. Ta same shi da rana a bakin motarsa.

"Ka san ana jin mu?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce a sati na biyu shugabansa ya gane muryarsa, ya kira shi, shi kuma ya gaya masa wayar tata ce. Aka ce ya ja bakinsa ya yi shiru, doka ta hana.

"Shi ya sa ka daina ce mini komai sai 'kin ci abinci?'... Ni ina zuba kamar sakara, ina zaton ka gaji da ni."

"Kalo, zuciyata, in na faɗa a kotu, aikina ya ƙare."

"In ba ka faɗa ba, yayana ne ya ƙare."

Ranar sauraron ƙarar, aka kunna hirar. Muryarta ta cika ɗakin, tana dariya, tana kiran sunayen da ta laƙaba wa Declan. Mahaifiyarta ta rufe fuska da mafici. Maikolo bai da damar tashi ya fita. Ya dunƙule hannuwa, ya kafe ƙasa da ido har aka kashe.

Sai aka kira Declan. Lauyar ta tambaye shi ko ya taɓa sanar da wani ko wace ce mai wayar.

"Na sanar da shugabana," in ji shi. "Tun kafin ya yi rantsuwar."

Bayan kwana tara alƙali ya ce izinin da aka samu da ƙarya ba zai ɗauki hujja ba. Masu gabatar da ƙara suka janye, aka sallami Maikolo.

A bakin kotu Maikolo ya wuce ƙanwarsa bai dube ta ba. Ya tsaya a gaban Declan, wanda tuni aka dakatar da shi daga aiki, ya ƙare masa kallo.

"Kai, ɗan sanda. Asabar ka zo da manyanka. Kuma ka koyi zaman tabarma, ba mu da kujerar baƙo."

Bayan haka Maikolo ya yi watanni yana kauce wa idon ƙanwarsa. Kalolaine ta gane cewa ba fushi yake da ita ba. Kunyar da kotu ta yaye musu ce yake ƙoƙarin mayar mata.